Ajiye Motar Soja ko Babbar Mota a Gidan Zama a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a majalisun 'yan Arewa mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Wani ya sayi tsohuwar motar soja don dakon albasa ko shanu, ya rasa inda zai kwanar da ita. Wata kuma mijinta direban soja ne, yakan zo gida da motar aiki, lanlod ya fara ɗaure fuska. Wani maƙwabcinsa ne ya toshe masa layi da gingimari. Na tattara su wuri guda ne saboda na ga mutanen kirki sun yi asarar dukiya da mutunci a kan abin da tambaya ɗaya tun farko za ta raba su da shi.

Wace mota ake nufi idan an ce "motar soja"?

Iri biyu ce, kuma rabin rikicin daga cakuɗa su yake tasowa. Ta farko ita ce wadda har gobe mallakin runduna ce, tana ɗauke da lambar soja, kamar ta sojan ƙasa mai farawa da NA, kuma tana da barikin da take kwana. Ta biyu ita ce wadda ta gama aikin soja, a nan gida ko a Turai, aka yi gwanjonta, farar hula ya saya. Su ne irin MAN da DAF da Iveco da Unimog masu dogayen ƙafafu, waɗanda 'yan kasuwa ke so domin suna ratsa hanyar da ta gagari sauran motoci da damina.

Ta biyun nan, a idon doka, babbar mota ce kawai kamar roka ko tifa. Aikin sojan da ta taɓa yi ba ya ba ta wani gata. Ɗawainiya ma yake ƙara wa mai ita, kamar yadda za ka gani a amsar fenti da ta takardu.

Shin akwai dokar da ta hana ajiye ta a gidan zama?

Maganar ba a dunƙule take cikin doka guda ba. Hukuncin ya danganta ne da inda tayoyin motar suka tsaya. Idan cikin harabar gida ne, dokar tsara birane ta jihar Legas ta 2010 ce ke magana, da hukumomin da ta kafa: LASPPPA mai ba da izinin gini, da LASBCA mai sa ido a kan gine-gine. Idan tsakanin katanga da kwalta ne, hukumar kula da wuraren ajiye motoci, LASPA, ta shigo. Idan kuwa a kan titi ne, to ka faɗa hannun LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, da dokar sufuri ta 2018. A gefe guda ga dokar tarayya kan launin mota, ga yarjejeniyar haya, ga ƙa'idar unguwa.

Shi ya sa mutum biyu za su ba ka labari mabambanta, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ɗaya ya shekara biyar da mota a cikin gida ba wanda ya ce masa kanzil, ɗayan kwana uku ya yi a ƙofar gida janwe ya zo.

Gidana ne, da gumina na gina. Ba zan iya shigar da motata ciki ba?

A nan ne ka fi ƙarfi, Alhaji. Mota ɗaya, taka ta kanka, takardunta cikakku, ta shige ciki an rufe get, ba ta taɓa hanya ba: wannan shi ne yanayi mafi sauƙin karewa. Aikin 'yan LASTMA a kan hanya yake.

Amma a duba takardar filin da kuma zanen ginin da gwamnati ta sa wa hannu. A jikinsu an rubuta abin da aka ba da filin dominsa: zama, kasuwanci, ko masana'anta. Filin da aka ba ka don zama, idan ka mayar da shi wurin sana'a, ka canza masa manufa ke nan, kuma wannan sai da izinin LASPPPA. A nan mutanenmu suke zamewa ba tare da sun ankara ba. Yau mota ɗaya ce, gobe ta ƙanenka ta zo, jibi ta abokin ciniki, sai ga bakanike ya kafa rumfa, ga durom na man dizal, ga 'yan lodi suna sauke buhu da tsakar dare. A bakinka gida ne, a idon jami'in da ya leƙo kuwa gareji ne. Daga nan sai takardar gargaɗi, sai jan fenti a bango, sai a garƙame wurin.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da hukuma. Irin wannan mota, ko ba kaya a kanta, takan kai tan takwas zuwa sama, faɗinta wajen mita biyu da rabi. Daɓen tsakar gida da murfin sokawe ba don wannan nauyi aka zuba su ba, balle a unguwannin da aka cike fadama aka yi gini. Na san gidan da tayar baya ta burma cikin sokawe da daddare, Allah Ya tsare yaran gidan ba sa wurin. Kafin ka shigo da ita, nemo wanda ya san gini ya nuna maka inda ƙasa za ta ɗauka, ka kuma ɗaga kai ka dubi wayoyin wuta da ke saman get.

Filin da ke ƙofar gidana, tsakanin katanga da titi fa? Ai ni nake share shi.

Sharewa ba mallaka ba ce. Abin da ke wajen iyakar filinka, wato kwata da hanyar masu tafiya a ƙasa da gefen kwalta, haƙƙin jama'a ne, gwamnati ke riƙe da shi. A 2022 aka yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da LASPA ta fara aika wa masu wuraren kasuwanci takardar biyan N80,000 a shekara kan kowane gurbin mota ɗaya da ke gaban gininsu. A lokacin gwamnati ta bayyana cewa kuɗin bai shafi motar da ke cikin harabar gida ba. Wannan bambanci shi ne abin riƙewa: ciki naka ne, waje kuwa da mai shi.

Sai maganar ruwa. Duk wanda ya yi damina ɗaya a Legas ya san abin da toshewar kwata ke jawowa. Babbar mota idan ta hau murfin kwata ta fasa shi, ko ta danne kwalbati, ba kai kaɗai za ka sha ambaliyar ba, duk layin ne. A ganina wannan ya fi komai saurin haɗa mai mota faɗa da unguwa, kuma gaskiyar tana wajen unguwa.

Idan na faka ta a bakin titi cikin layinmu, da dare kawai?

Wannan ne wuri mafi rauni. Layukan Agege da Mushin da Ajegunle, wasu ko ƙananan motoci biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. Babbar mota ta tsaya, hanya ta mutu. Tare hanya laifi ne a dokar sufuri, kuma motar da ta daɗe a wuri ɗaya, taya a sace, ƙura ta rufe ta, ana ɗaukarta a matsayin wadda aka yasar, a ja ta. Ka kuma tuna da motar kashe gobara da ta asibiti. Ranar da wuta ta tashi a ƙarshen layi aka rasa hanyar shiga saboda motarka, maganar ta wuce tara. Duba amsa ta ƙarshe kan inda ya kamata ta kwana.

Na saye ta da koren fentinta na soja. Dole ne sai na canza?

Dole ne, kuma kafin komai. Tun 1977, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi dokar da ta haramta wa duk wanda ba rundunar soja ba tuƙa mota mai launin koren soja. Dokar tana nan cikin kundin dokokin tarayya, kuma hukuncinta ya haɗa da ɗaurin wata shida ko tara. Haka kuma a guji zanen dabbare-dabbare irin na kakin soja, da tambarin runduna, da sitika, da hular soja da wasu ke ɗorawa a gaban gilashi. Runduna ta 81 mai kula da Legas da Ogun ta sha kama sojan gona, kuma irin waɗannan alamu ne suke fara tona mutum.

Na san dalilin da ya sa wasu ke barin fentin. Suna ganin agbero, wato ɗan tasha, zai ja baya, mai karɓar kuɗi a hanya zai ɗaga hannu. Wataƙila ya yi aiki sau goma. Na sha ɗayan shi ne ranar da za ka haɗu da masu jar hula, 'yan sandan soja, su tambaye ka lambar aikinka. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: a yanayin tsaron da ƙasar nan ke ciki, ɗan Arewa da koriyar mota a lungun Legas ba shi kaɗai zargi zai hau ba, har da masu shayi da 'yan acaba da masu gadin unguwar da ba su ji ba ba su gani ba. Kai ta wurin mai fenti ta koma fara, shuɗiya ko ruwan ɗorawa, a kankare duk wata lamba da rubutun soja, sannan ka tabbata launin da ke takardar mota ya yi daidai da na jikinta.

Waɗanne takardu ya kamata su kasance a hannuna?

Farko, shaidar yadda motar ta fita daga hannun soja ta shigo naka. Idan a nan gida aka yi gwanjonta, takardar gwanjo da rasit, kuma lambar shasi da ta inji su dace da abin da aka rubuta. Idan daga waje ta zo ta Apapa ko Tin Can, takardun kwastan. Mota mai sulke kuwa ba ta shigowa sai da takardar amincewa daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Duk wanda ya ce zai sayar maka da irinta ba wannan takarda, bar masa kayansa. A kuma lura da sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, don haka mota mai sitiyari a dama, irin waɗanda ake samu a gwanjon sojan Ingila, ba ta cika ƙa'idar hanya ba.

Bayan nan sai na kowace babbar mota: rajista da lambar farar hula daga MVAA, hukumar rajistar motoci ta jihar, takardar lafiyar mota daga VIS masu duba motoci, da inshora. Tun Janairun 2023 inshorar wajibi ta ƙaramar mota ta koma N15,000, ta babbar motar dako kuwa N100,000. Direba ma ya duba lasinsa, domin ajin B na ƙananan motoci ne, bai kai ga mota mai wannan nauyi ba, kuma Legas tana neman direbobin sana'a su mallaki katin LASDRI, cibiyar horar da direbobi ta jihar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ajiye kwafi a mota, na ainihi a gida.

Mijina direban soja ne, wani lokaci yakan kwana da motar aiki a gida. Akwai matsala?

Akwai, 'yar'uwa, kuma a kansa za ta fi faɗawa. Motar aiki da izini take fita daga bariki, zuwa aikin da aka rubuta, sannan ta koma inda aka ɗauko ta, ko Ikeja ne, ko Ojo, ko Bonny Camp. Idan aka fasa ta a ƙofar gida, aka zuƙe mai, ko yaro ya hau ya faɗo, tambayar farko da manyansa za su yi masa ita ce wa ya ba shi izinin kai ta can. Idan aiki ne ya tilasta, to ogansa ya sani, ya kuma zama a rubuce.

Kada kuma ki ga baiken maƙwabta idan hankalinsu ya tashi. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi bindiga, mutum fiye da dubu suka rasu, akasarinsu a cikin ruwan Oke-Afa suka nutse garin gudu. Akwai dattawan da har yau ganin motar soja rufe da tamfol kusa da ɗakin kwanansu yake dawo musu da wannan rana. Ki lallaɓa maigidan, cikin ladabi, ya je ya gaida lanlod da shugaban unguwa ya yi musu bayani da bakinsa. Duba kuma amsar masu haya a ƙasa.

Ai motar gwamnatin tarayya ce. Dokar jiha tana hawa kanta?

Tana hawa. A Yulin 2012 Gwamna Babatunde Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja da ya bi layin da aka keɓe wa manyan motocin fasinja na BRT, kuma duk ƙasar ta ga hoton. A Janairun 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa aka kama wani soja da ya bi hannun da ba nasa ba a kan babur a hanyar Badagry. Ta fuskar fili kuma, tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jiha ne.

Gaskiya ne ƙaramin ma'aikaci kan yi shakkar tunkarar mota mai lambar soja. Shakkarsa ba ta mayar da laifi halas, kuma ba ta hana koke isa bariki.

Haya nake yi. Lanlod yana da ikon hana ni?

Yana da shi, musamman idan harabar ta kowa da kowa ce. Ɗaki ko fulat ka kama, ba tsakar gida ba. Ɗauko yarjejeniyar da ejan ya ba ka ka sake karantawa: yawancinsu sun ce don zama kawai, wasu har sun ƙayyade gurbin mota ɗaya. Idan ya yarda, a rubuta, a faɗi wanda zai gyara daɓe ko get in sun lalace. Yardar baki takan mutu ranar da 'ya'yansa suka karɓi gidan.

Abin da ba shi da iko a kai shi ne korar ka da ƙarfi, ko cire ƙofa da rufi, ko riƙe maka mota. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara-shekara notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai fa idan yarjejeniyarku ta faɗi wani abu dabam, kuma kotu ce ke fitar da mutum. Wannan doka ba ta shafi Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ba.

Ƙungiyar unguwa ta ce babbar mota ba za ta wuce get ba. Suna da wannan hurumi?

A rukunin gidaje masu katanga, ka sa hannu a kan ƙa'idojinsu ranar da ka saya ko ka kama haya, don haka sun ɗaure ka. A layin gwamnati da 'yan unguwa suka sa wa get, ƙarfin CDA, wato ƙungiyar unguwa, bai kai haka ba, umarnin jiha ma shi ne irin waɗannan ƙofofi su kasance a buɗe daga 5 na asuba zuwa 12 na dare. Sai dai sau da yawa su suka yi karo-karo suka zuba titin da kwalbatin, kuma su ƙaramar hukuma ke saurara. Shawarata ita ce ka riƙa zuwa taronsu, ka biya kuɗin tsaro, ka tafi da wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawan yankin idan magana ta yi zafi.

Maƙwabcina ne ya toshe mana layi, ga hayaƙi da ƙara tun asuba. Ina zan kai kuka?

Fara da shi kansa, da sallama, ba a gaban jama'a ba. In bai ji ba, sai lanlod ɗinsa, sai CDA ko Baale, wato mai unguwa na Yarbawa, ko liman idan masallaci ɗaya kuke. Yawancin irin wannan a nan yake mutuwa. Idan ta ƙi, tare hanya na LASTMA ne. Hayaƙi da ƙara na hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ne, wadda ma'auninta a unguwar zama shi ne desibel 55 da rana, 45 da dare, kuma injin dizal da ake ɗumamawa a gindin taga ya wuce nan nesa. Gidan da aka mayar gareji na LASBCA ne. Akwai kuma cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'a ta jihar, wadda ke zaunar da mutane kyauta ba sai da lauya ba.

Idan motar ta runduna ce, kada ka yi sa-in-sa da mai kaki, kada ka sace taya, kada ka tara matasa. Rubuta lambar motar da ranakun da take kwana, ku kai koke a rubuce da sunan ƙungiyar unguwa zuwa ga 'yan sandan soja na barikin da ya fi kusa, ko sashen hulɗar soja da farar hula. In kuwa ka ga abin da ke barazana ga rai, kamar mai yana zuba, kira lambar gaggawa 767 ko 112.

Akwai lokacin da aka hana manyan motoci yawo a gari?

Tun dokar hanya ta 2012 aka hana tirela zirga-zirga a cikin birnin daga 6 na safe zuwa 9 na dare, ban da tankar mai da dogayen motocin fasinja. Idan motarka mai jan bodi ce, wannan ya shafe ka kai tsaye. Ga inda gizo ke saƙar: lokacin da doka ta sake maka hanya shi ne lokacin da unguwa ke barci, get kuma na dab da rufewa.

An ja motar. Me zan yi?

Je da wuri, domin kowace kwana a yadin hukuma kuɗi ce. Gano hukumar da ta ja ta da yadin da aka kai ta, ka tafi da takardun da aka lissafa a sama, ka nemi a ba ka takardar laifi a rubuce. Tara a asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit, ba a hannun wani ba. In kana ganin an zalunce ka, kana da damar bayani a gaban kotun tafi-da-gidanka, kuma nan ne lauya ke da amfani. Guji 'yan "kawo in shigar maka" da ke shawagi a bakin get. Kada kuma ka yi fushi ka bar ta: a Satumbar 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci fiye da 130 da kotu ta ƙwace ko masu su suka yasar.

To a ina zan riƙa kwanar da ita?

A garejin manyan motoci mai maigadi, wanda ke ba da rasit. Masu dakon kayan gwari su tambayi shugabannin kasuwar Mile 12, masu shanu su tambaya a mayankar Oko-Oba ko Kara. Wanda ke aikin tashar jirgin ruwa ya san tun Fabrairun 2021 ba a shiga Apapa sai ta tsarin kiran layi na Eto, mota ta jira a garejin da aka amince da shi, irin Lilypond da ke Ijora, har a kira ta. Masu doguwar tafiya da yawa sun gwammace su tsaya a Ogere, a jihar Ogun, inda 'yan uwa suke da yawa, su shigo Legas idan lodi ya tabbata. 'Yan ƙungiyoyin masu manyan motoci, NARTO da AMATO, sun san wuraren da ake da amana da waɗanda ake kwance batir.

Kafin ka biya, tambayi wa ke da alhaki idan wani abu ya ɓata, ko akwai abin kashe gobara, da ƙarfe nawa ake buɗewa. Kuɗin garejin wata-wata kuma ka sa shi cikin lissafi tun kana cinikin motar, tare da na fenti da na inshora. Idan lissafin bai fita da su ba, a nemi kanta ko a-kori-kura wadda za ta shige get ɗin gida.